JETP ko Mission 300: wace hanyar samun kuɗin makamashi ta fi dacewa da Najeriya da Nijar?

Daga 2021 zuwa yau, hanyoyi biyu ne suka fi fitowa fili wajen yadda ƙasashe masu arziki da manyan bankunan raya ƙasa ke zuba kuɗi a sauyin makamashi na ƙasashe masu tasowa. Ɗaya ita ce yarjejeniyar JETP, wato haɗin gwiwar sauya makamashi cikin adalci, wadda aka fara ƙullawa da Afirka ta Kudu a taron sauyin yanayi na Glasgow a Nuwamban 2021. Ɗayar kuma shirin Mission 300 ne, wanda Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka suka sanar a Afrilun 2024. Zaɓi tsakaninsu ya shafi mutane fiye da da, domin tun da Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohin Najeriya ikon kafa kasuwar wutarsu, kwamishinan jiha da ɗan majalisar dokoki ma suna iya samun kansu a teburin da ake irin wannan ciniki.

Matsayinmu shi ne, ga ƙasar da babbar matsalarta rashin wuta ne, Mission 300 ta fi dacewa. Sai dai tana da nata tarko, kuma akwai abubuwa biyu da ya kamata a ɗauko daga JETP a haɗa mata.

Abin da kowacce ta zo yi

An gina JETP ne domin ƙasashen da suka dogara da kwal. Afirka ta Kudu na samun kusan kashi 80 cikin 100 na wutarta daga kwal, yawancinsa a lardin Mpumalanga, inda ma'adinan da tashoshin kamfanin Eskom suka taru wuri guda. Faransa da Jamus da Birtaniya da Amurka da Tarayyar Turai suka yi mata alƙawarin dala biliyan 8.5 domin ta gaggauta rufe tsofaffin tashoshi, ta maye gurbinsu da sola da iska, ta kuma kula da ma'aikata da garuruwan da abincinsu ke fitowa daga kwal. Indonesiya ta biyo baya a taron G20 na Bali a Nuwamban 2022 da dala biliyan 20, Biyetnam a Disamban shekarar da dala biliyan 15.5, sai Senegal a Yunin 2023 da yuro biliyan 2.5. Ma'aunin nasarar JETP shi ne yawan hayaƙin da aka rage.

Mission 300 tana auna nasara da adadin mutane: a haɗa mutum miliyan 300 da wuta a Afirka kafin 2030, Bankin Duniya ya ɗauki miliyan 250, Bankin Raya Afirka miliyan 50. Wannan kusan rabin mutum miliyan 600 ne da ba su da lantarki a kudu da Sahara. A taron Dar es Salaam na Janairun 2025, ƙasashe 12 suka gabatar da takardun alƙawarinsu, ciki har da Najeriya da Nijar da Chadi da Senegal. Ghana da Kamaru sun shigo a rukuni na biyu a Satumban shekarar. Kowace takarda na ɗauke da gyare-gyaren da gwamnati ta yarda za ta yi: gyara kamfanonin wuta su daina asara, bayar da kwangila ta hanyar gasa, haɗa layuka da maƙwabta, buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, da faɗaɗa ƙananan tashoshin sola da girki mai tsafta.

Daga nan ake gane inda Najeriya ta faɗo. Wutar da ke kan babban layinta daga gas take fitowa, kusan kashi uku cikin huɗu, sauran daga madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru. Babu tashar kwal da za a rufe. Abin da ke isa ga jama'a yawanci yana tsakanin megawat 4,000 da 5,000 ga mutum fiye da miliyan 200, kuma sama da miliyan 80 ba su da wuta kwata-kwata. A Agustan 2022 Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya ƙaddamar da tsarin sauyin makamashi na ƙasar, mai neman ƙarin dala biliyan 410 zuwa 2060, kuma gwamnati ta nemi somin-taɓi na dala biliyan 10 irin na JETP. Ba a samu ba. Wani ɓangare na dalilin a bayyane yake: hayaƙin da Najeriya za ta iya ragewa a harkar wuta yana warwatse ne cikin miliyoyin janaretoci a shaguna da gidaje da masana'antu, ba a cikin wasu manyan tashoshi goma da za a iya sa musu ranar rufewa ba. A Nijar ma haka ne. Tashar kwal ta SONICHAR da ke kusa da Tchirozérine ƙarama ce, tana ciyar da yankin Agadez da ma'adinan yuraniyom, alhali mutum ɗaya ne kawai cikin biyar a ƙasar ke da wuta.

Irin kuɗin ya fi yawansa muhimmanci

A nan ne aka fi ruɗin jama'a, domin idan aka ji "dala biliyan 8.5" sai a ɗauka kyauta ce. Lokacin da Afirka ta Kudu ta fitar da tsarin zuba jarinta a Nuwamban 2022, sai aka ga kusan kashi 4 cikin 100 ne kawai kyauta. Sauran bashi ne mai sauƙi, da bashi na kasuwa, da garanti. Tsarin kansa ya nuna buƙatar rand tiriliyan 1.5 cikin shekara biyar, wato kusan dala biliyan 98, don haka alƙawarin bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ake nema ba. A Indonesiya da Biyetnam kason kyautar ya gaza na Afirka ta Kudu, kuma kusan rabin jimlar da aka sanar ana sa ran za ta fito ne daga bankunan kasuwanci, waɗanda ba sa sakin kuɗi sai sun ga riba.

Mission 300 ma bashi ce a mafi yawanta, kada a yi kuskure. Bambancin shi ne kaso mai tsoka na fitowa daga IDA, reshen Bankin Duniya mai ba ƙasashe marasa ƙarfi rance a ruwan da bai wuce kashi 2 ko kusa da haka ba, a biya cikin shekaru masu yawa bayan 'yan shekarun sassauci. Shirin DARES na Najeriya, mai kai wuta ta ƙananan tashoshin sola, dala miliyan 750 da aka amince da su a Disamban 2023, daga nan ya fito. A kwatanta da takardun bashin da Najeriya ta sayar a kasuwar duniya a Disamban 2024, waɗanda ruwansu ya kai kashi 9.6 da 10.4.

Ruwan bashi ya fi ciwo a sola fiye da a gas, saboda tashar sola kusan duk kuɗinta a farko ake kashewa. Ba ta sayen mai, don haka farashin yunit ɗinta na shekara ashirin ya ta'allaƙa ne ga yadda aka ciwo bashin gina ta. Ga lissafin misali. A ce tashar megawat ɗaya ta ci dala miliyan ɗaya, tana ba da yunit miliyan 1.75 a shekara, abin da ranar arewa ke iya bayarwa. Idan bashin na shekara 20 ne a kan ruwa kashi 5, biyan shekara zai kama kusan dala 80,000, wato santi 4.6 a kowane yunit. A kashi 10, biyan ya koma dala 117,000, santi 6.7. A kashi 15, dala 160,000, santi 9.1. Faranti ɗaya, rana ɗaya, amma farashi ya ninka. Hukumar Makamashi ta Duniya ta sha nuna cewa tsadar jari a ƙasashe masu tasowa ta ninka ta ƙasashe masu arziki aƙalla sau biyu, shi ya sa Afirka, mai kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen duniya, take samun kusan kashi 2 kawai na jarin makamashi mai tsafta.

Sai kuma canji, wanda a Najeriya ya fi ruwa kisa. Mai tashar ya ciwo bashi da dala, yana karɓar kuɗin wuta da naira. A farkon 2023 dala miliyan ɗaya a farashin gwamnati kusan naira miliyan 460 ce. A 2024 ta haura naira biliyan 1.5. Bashin ya ninka fiye da sau uku ba tare da an ƙara ko waya ɗaya ba, kuma mai injin niƙan da ke sayen wutar bai samu irin wannan ƙari a cinikinsa ba. Idan ya gudu daga dala ya nufi bankin gida, a ƙarshen 2024 ma'aunin ruwa na Babban Banki kansa kashi 27.5 ne, kuma bankunan kasuwanci ba kasafai suke ba da bashi mai dogon zango ba. JETP da Mission 300 duk ba su warware wannan gaba ɗaya ba. Abin da ke aiki a ƙasa shi ne garanti na kuɗin gida, irin wanda InfraCredit ke bayarwa tun 2017, inda take tsaya wa kamfani har asusun fansho ya yarda ya ba shi bashin naira na shekaru da dama, da kuma inshorar canji irin ta asusun TCX. Dala ɗaya da aka sa a irin wannan garanti tana iya jawo kuɗin gida da ya ninka ta. A Nijar da Chadi da Kamaru da Senegal wannan haɗari ya ragu idan bashin na yuro ne, tun da an ɗaure sefa da yuro a kan 655.957. Don haka mai ciniki a Yamai ya fifita rancen yuro a kan na dala, mai ciniki a Abuja ko Kano kuwa ya nace a kan kuɗin da za a biya da naira.

Wa zai ɗauki nauyin?

A fagen adalci, kowace hanya na da mutanen da take iya takawa.

A JETP, ma'aikata ne da garuruwansu. Haƙar kwal kaɗai na ɗaukar mutum kusan 90,000 a Afirka ta Kudu, ban da direbobin tirela da masu abinci da masu gidajen haya. Tashar kwal ta Komati, mai megawat 1,000 a zamaninta, ta kashe injinta na ƙarshe a Oktoban 2022. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 497 a Nuwamban shekarar domin mayar da wurin tashar sola da iska da batura, dala miliyan 10 ce kawai kyauta a ciki. Kuɗin ba ya cikin biliyan 8.5 ɗin, amma kowa ya ɗauki Komati a matsayin gwajin tsarin. Eskom ta sauya wa ma'aikatanta na dindindin wurin aiki. Ma'aikatan kwangila da 'yan kasuwar garin su suka shiga uku, domin an rufe tashar kafin sabbin ayyukan su fara. Hukumar sauyin yanayi ta fadar shugaban ƙasar ta yi bincike ta kuma amince cewa an makara wajen tuntuɓar jama'a da shirya abin da zai maye gurbi. Kuskuren na jeri ne: an rufe, sannan aka nemo kuɗi, sannan aka fara tunanin horo. Da an juya jerin, da shekara biyar kafin rufewa an fara ginin sabuwar tashar da koyar da sana'a. Sannan 2023 ta zo da ɗauke wuta na karɓa-karɓa fiye da kwana 330, sai aka ɗage rufe tashoshin Camden da Grootvlei da Hendrina zuwa 2030. Babu gwamnatin da za ta rufe tasha mai aiki alhali jama'arta na cikin duhu, kuma bai kamata a nemi ta yi ba.

A Mission 300, wanda ake iya takawa shi ne mai biyan kuɗin wuta. Sharaɗin cewa kamfanonin wuta su riƙa mayar da kuɗinsu yana da hujja mai ƙarfi. A 2025 bashin da kamfanonin samar da wuta ke bin gwamnatin Najeriya ya kai kusan naira tiriliyan 4, kuma tallafin wutar babban layi ya fi amfanar mai na'urorin sanyaya ɗaki a birni, ba ya taɓa ƙauyen da ko turken wuta babu. Amma 'yan Najeriya sun ga yadda gyaran farashi ke kasancewa idan aka yi shi babu shiri. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, yayin da rabon kuɗin rage raɗaɗi ya yi ta jan ƙafa saboda rajistar talakawa ba ta kammalu ba. A Afrilun 2024 aka ɗaga farashin rukunin Band A daga kusan naira 68 zuwa 225 a kan yunit, bisa alƙawarin wutar awa 20 a rana. Tunanin raba masu amfani rukuni-rukuni ba laifi ba ne. Matsalar ita ce rukunin layi yake bi, ba aljihu ba, don haka tela da mai shagon sanyi da asibiti da jami'a da ke kan layi ɗaya da attajiri duk farashi ɗaya suke biya. Ga shi kuma kusan rabin masu amfani da wuta ba su da mita, bil na ƙiyasi ake kawo musu.

Jerin da ya dace a nan shi ma sananne ne. A fara da mita. A tabbatar da awannin wuta ta na'urar da ke kan layi, wadda hukumar sa ido za ta iya karantawa ba tare da ta jira rahoton kamfani ba. A ware yunit na farko, misali 50 a wata, a farashi mai rahusa ga ƙananan gidaje. A tabbatar kuɗin tallafi ya fara shiga hannun mutane. Bayan haka a ɗaga farashi mataki-mataki, da jadawalin da aka sanar tun da wuri. Takardar alƙawarin da ta sa ranar ƙarin farashi ba ta sa ranar kammala mita ba, ba ta cancanci sa hannu ba.

Inda ayyuka ke maƙalewa

Manyan tashoshi ba sa tsayawa saboda rashin rana. A 2016 kamfanin NBET mai sayen wuta a madadin gwamnatin Najeriya ya sa hannu da kamfanoni 14 domin gina tashoshin sola na sama da megawat 1,000, yawancinsu a arewa, a kan santi 11.5 kowane yunit. Shekaru suka shuɗe ba a gina su ba. Masu ba da bashi sun nemi gwamnati ta tsaya wa NBET da garanti, gwamnati ta ja baya ta ce farashin ya yi tsada tun da farantai na ta araha. Tsoronta na da tushe. Tashar gas ta Azura-Edo ta samu irin wannan garanti, da sharaɗin a biya ta ko an sha wutarta ko ba a sha ba, kuma biyan na kusan dala miliyan 30 ne a wata. Ghana ta fi shan wuya: a 2019 ministan kuɗinta ya shaida wa majalisa cewa ƙasar na biyan sama da dala miliyan 500 a shekara kan wutar da ba ta amfani da ita, sakamakon kwangilolin da aka ƙulla da gaggawa a lokacin ƙarancin wuta. Garanti bashi ne da ke kwance, ranar da kamfanin rarraba wuta ya kasa biya zai farka a kan baitulmali.

Layin dako, wato babban layin da ke kwashe wuta daga tasha zuwa garuruwa, shi ne ɗaya shingen. A zagaye na shida na gasar bayar da kwangilar tashoshin sola da iska a Afirka ta Kudu, a 2022, ba a bai wa ko aikin iska ɗaya kwangila ba, saboda layukan yankunan da ke da iska sun cika. Ƙasar na buƙatar sabbin layuka na kusan kilomita 14,000 cikin shekara goma. Arewacin Najeriya ya ga nasa a Oktoban 2024, lokacin da lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar layin Ugwuaji zuwa Apir suka jefa jihohi da dama cikin duhu fiye da mako guda. 'Yan kasuwa ba sa rububin gina layin dako domin ribarsa a hankali take zuwa, don haka nan ne ya kamata bashi mai sauƙi ya fi tafiya.

Ƙananan tashoshi sun fi saurin tashi, kuma nan ne Mission 300 ta fi JETP nesa ba kusa ba. Tsarin da hukumar kai wuta karkara ta Najeriya, REA, ta bi tun shirinta na NEP na 2018 shi ne biya bayan aiki. Kamfani zai zaɓi gari, ya ƙulla yarjejeniya da mutanen garin, ya yi rajista ko ya karɓi izini daga hukumar sa ido (izini wajibi ne idan tashar ta haura kilowat 100), ya gina da kuɗinsa, ya haɗa gidaje da shaguna. Sai an tabbatar ta bayanan mita cewa wuta na gudana sannan a biya shi tallafi a kan kowane haɗi, wanda ya fara da dala 350 daga baya aka ɗaga zuwa 600. DARES ta ɗora a kan wannan da burin kai wa mutum miliyan 17.5. Kyawun tsarin shi ne ba a biyan aikin da ba a yi ba. Illarsa kuma ƙaramin kamfanin gida ne ke shan wahala, domin sai ya ciwo bashin wucin gadi mai tsada ya jira tantancewa, kayansa kuma na iya yin watanni a tashar jirgin ruwa. Idan ba a buɗe masa taga ta bashin gini da naira ba, manyan kamfanoni masu dala ne za su kwashe ayyukan, su kuma zaɓi garuruwan da suka fi ciniki su bar na nesa.

Abin da ke kashe ƙaramar tasha bayan an gina ta abu biyu ne. Na farko ƙarancin amfani da rana tsaka: idan kwan fitila da cajin waya ne kawai, wutar rana na tafiya a banza, farashin yunit ya yi tsada. Maganinsa a shigo da injin niƙa, da famfon ban ruwa, da walda, da firjin masu kifi da ƙanƙara tun ranar farko, da bashin sayen injinan. Na biyu batir. Batirin dalma a zafin Sakkwato ko Zinder na iya mutuwa cikin shekara uku ko ƙasa da haka, na litiyom yana kai wa wajen shekara goma idan ɗakinsa na samun iska. Duk tashar da ba ta ajiye kuɗin sauya batir daga cikin kuɗin wata-wata ba, ranar mutuwarta na nan tafe. Akwai kuma tashoshin da ake haɗawa da layin kamfanin rarrabawa, irin ta Toto a Nasarawa da ta Zawaciki a Kano, inda sola ke cike awannin da babban layi ya gaza. Ga unguwannin bayan gari da kasuwanni, wannan samfurin ya fi kowanne alamar ɗorewa.

Wani abin lura game da adadin miliyan 300: ma'aunin Bankin Duniya na da matakai biyar. Matakin farko wat 3 ne na awa huɗu a rana, fitila da cajin waya ke nan. Mataki na uku wat 200 ne da yunit ɗaya a rana. Duka ana iya ƙirga su a matsayin "an samu wuta". Fitilar sola alheri ce ga ɗalibi da mai jego, amma ba ta juya injin. Jihar da ke ciniki ta nemi a rubuta kason haɗin da zai kai mataki na uku zuwa sama.

Idan siyasa ta juya

JETP ta rataya ne a wuyan gwamnatoci ƙalilan. A Maris na 2025 Amurka ta fice daga yarjejeniyoyin Afirka ta Kudu da Indonesiya da Biyetnam. Afirka ta Kudu ta rasa kyautar dala miliyan 56 da jarin kasuwanci na dala biliyan ɗaya da aka yi mata alƙawari, Jamus kuma ta karɓi jagorancin ta Indonesiya tare da Japan. Kuɗin bankunan raya ƙasa ya fi wannan tsayuwa saboda masu zuba shi da yawa ne, amma shi ma ba ya tsira daga siyasa. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, Bankin Duniya ya dakatar da sakin kuɗi na wani lokaci, Faransa da Tarayyar Turai suka tsayar da tallafi, Najeriya kuma ta yanke wutar da ke ba Nijar kusan kashi 70 na abin da take sha, har sai da ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024. Tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30, wadda aka gina da bashin Faransa da kyautar Tarayyar Turai, ta fara aiki a 2023 ta rage wa Yamai raɗaɗi. Wannan bai rushe hujjar cinikin wuta tsakanin maƙwabta ba. Layin kilobolt 330 da ake ginawa daga Birnin Kebbi zuwa Yamai da Wagadugu, da reshe zuwa Benin, har yanzu hanya ce ta samun wuta mai araha. Sai dai Nijar na da dalilin neman a rubuta cewa ba za a sa wuta cikin takunkumi ba, ta kuma gina abin da zai riƙe asibitoci da famfunan ruwa a cikin gida.

Zaɓin

Ƙasar da ke da manyan tashoshin kwal, da kamfanin wuta guda mai ƙarfi, da kasuwar kuɗi mai zurfi, JETP na da amfani gare ta, muddin ta san cewa bashi take karɓa kuma ba ta sa ranar rufe tasha kafin madadinta ya tashi ba. Najeriya da Nijar da Chadi ba sa cikin wannan sahu. Lokacin da za su ɓata suna neman babbar sanarwa gara su kashe shi wajen gyara sharuɗɗan takardunsu na Mission 300. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Idan har za a nemi wani abu mai sunan JETP, samfurin Senegal ne abin dubawa, domin burinsa kai makamashi mai sabuntawa kashi 40 na ƙarfin tashoshi kafin 2030 tare da faɗaɗa samun wuta, kuma bai rufe ƙofar gas a matsayin gada ba.

Abubuwa biyu da ya kamata a ɗauko daga JETP su ne waɗannan. Na ɗaya, bayyana kuɗi dalla-dalla. Matsin lambar ƙungiyoyin farar hula ya sa Afirka ta Kudu ta wallafa rajistar kyaututtukan da aka bayar, kuma da ita aka gano cewa kaso mai yawa ya tafi ga bincike da kamfanonin ba da shawara, kaɗan ne ya isa garuruwan kwal. Kowace jiha ko ƙasa ta wallafa irin wannan: nawa ne kyauta, nawa ne bashi, a wane ruwa, da wane kuɗi za a biya, wa ya karɓa, wane garanti aka bayar. Na biyu, shirin mutanen da sauyin zai taɓa abincinsu. A nan ba masu haƙar kwal ba ne, masu gyaran janareta ne, da masu sayar da mai a galan, da masu sana'ar itace da gawayi. DARES kaɗai na da burin maye gurbin janareta sama da 280,000. Makanikin janareta ya riga ya san waya da lodi, horon 'yan watanni zai mayar da shi mai haɗa sola da gyaran inbata, idan an sa kuɗin horon da takardar shaida a cikin kasafin aikin tun farko, aka kuma wajabta wa kamfanin da ya ci kwangila ɗaukar ma'aikatan kula da tasha daga garin da ya gina ta.